Ƙafar Maikuɗi da Ruwan Shuka

Duk wanda ya yi noma tsakanin Toranke da Gaya a shekarun nan ya ji labarin ƙafar Maikuɗi, ko da bai taɓa ganin mai ita ba. Wannan ne ma abin da ya kamata a fara faɗa game da mutumin: an san ƙafarsa kafin a san shi, kuma an fi girmama ta.

Sunansa na yanka Muhammadu. Kakarsa ce ta laƙaba masa Maikuɗi saboda kyakkyawan fata, fatan kuwa har yau yana kan hanya. Manomi ne mai gona ɗaya ta gado a wata unguwa da ke gefen Toranke, gajere, mai sanyin murya, irin mutanen nan da in sun soma magana a majalisa sai wani ya tuna da wani labari. Ba ƙinsa ake yi ba, ba a dai lura da shi ne. Ya taɓa zuwa cin rani ya daɗe, da ya dawo ya yi sallama a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, inda mazan unguwa ke zama, amsar da ya samu ita ce ya matsa gefe ya daina tare wa mutane iska. Wurin zamansa a majalisar nan shi ne bakin tabarma, inda rabin mutum ke kan kaba rabi ke kan ƙasa, inda kuma rana ke fara cimmawa.

Karayar ta same shi yana tsakiyar ƙarfinsa, a wata bazara. Ya hau rufin soro zai gyara indararo kafin ruwa ya sauka, ya sa taubashinsa Ja'afaru ya riƙe masa tsani. Ja'afaru ɗan kawunsa ne, abokin wasansa tun ƙuruciya, dogo ne mai baki, kuma a lokacin yana neman aure. Maikuɗi ya sako ƙafa zai sauko ke nan, sai ga mahaifin yarinyar da Ja'afaru ke nema ya ɓullo daga lungu. Ja'afaru ya saki tsani, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya shiga gaisuwa. Bai kai ga tambayar iyali ba Maikuɗi ya iso ƙasa, tsani ya biyo bayansa. An ce dattijon ya yaba da ladabin yaron ƙwarai, kuma a kan wannan gaisuwar ya ba shi 'yarsa.

Aka ɗauko maɗori daga wajen Kademi, wani mutum mai suna Abdulmuttalib wanda ya gaji sana'ar, kowa kuma Kawu yake ce masa. Ya shafa ƙwaurin daga gwiwa zuwa idon sawu, ya ce ƙashin ya rabu biyu, amma an yi sa'a bai huda fata ba. Ƙarti suka danne Maikuɗi, Kawu ya ja ƙafar ya daidaita ta, ya naɗe da ƙyalle, ya jera karan ɗori ya ɗaure. Muryar da unguwa ba ta taɓa ji ba a majalisa, ranar an ji ta har bakin rijiya.

Da ya gama ya wanke hannu, sai ya ce, "Ka saurara da kyau, ɗana. Ni ba na haɗa ƙashi. Nawa kawai in sa bakin nan ya fuskanci bakin nan. Haɗawa aikin ƙashin ne da ikon Allah, shi kuwa kamar kaza yake a kan ƙwai, ba ya son a dame shi. Kada ka taka sai na ce ka taka."

Gaskiya Kawu ya faɗa. Yawancin mutane a cikin miya suka san ƙashi, shi ya sa suke ɗaukarsa busasshen abu kamar itacen da aka kafa rumfa da shi. Ƙashin mai rai ba haka yake ba. Jini na ratsa shi, ɓargo na cikinsa, kullum yana rushe tsohon gini yana aza sabo. In ya karye, jini ne ke fara taruwa a wurin ya daskare. Daga nan wani abu mai taushi kamar guringuntsi ya game bakunan biyu, sannu a hankali ya yi tauri har ya zama ƙashi. A tsakanin nan kamar ɗanyen tubali yake: in aka taka shi ba lallai ya fashe ba, amma da sawun wanda ya taka shi zai bushe.

Kwanakin farko gida ya cika da 'yan dubiya, Maikuɗi ya ji abin da bai saba ji ba, wato ana tambayarsa yana amsawa. Sai ƙafa ta ɗauke. Ya rage daga shi sai azarar ɗaki, da dariyar majalisa da ke tsallako katanga kowace la'asar. Ciwon karaya ya jure, dariyar nan ce ya kasa jurewa. Wata rana matarsa Haulatu ta goya 'yarsu Lauratu ta tafi gidan suna, sai ya sassauta ɗaurin, ya dogara taɓarya, ya fita yana takawa kaɗan-kaɗan. Da ya isa gindin darbejiya yana gumi, wani ya ɗago kai ya ce, "Af, Maikuɗi, ashe kai ne aka ce ka karye?" Ya zauna a bakin tabarma. Kashegari ma ya koma, haka jibi.

Ranar da Kawu ya zo kwance ɗori, ya daɗe yana duban ƙafar. Ƙwaurin ya tanƙwara waje kamar baka, kuma ya gaza ɗan'uwansa tsawo.

Ya ce, "Ya kama. Amma ba a inda na ajiye shi ya kama ba, a inda ka ajiye shi."

Haka Maikuɗi ya shiga ɗingishi, kuma da labarin ya tsaya nan da ba wanda zai ba da shi.

Bazarar da ta biyo baya, Haulatu ta shanya kalwar daddawarta a tsakar gida, sama fes ba ko ɗigon gajimare. Da hantsi Maikuɗi ya ce wurin karayar na sara kamar ana kafa masa ƙusa, ta zo ta shafa masa man shanu. Don kada awaki su yi mata ɓarna tana ɗaki, sai ta kwashe shanyar ta shigar. Kafin la'asar hadari ya taso daga gabas, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, shanyar matan unguwa kaf ta jiƙe, ban da tata. Da suka tsare ta da tambaya, ta ce ita ba ta san komai ba, ƙafar Malam ce ta yi ciwo. Bayan 'yan kwanaki ƙafar ta sake sara, matan da suka ji suka kwashe kayansu, ruwa ya sake sauka. Daga bakin mata labari ya shiga kunnen maza, kamar yadda yawancin labarai masu amfani ke yi.

Ja'afaru ne ya fara kawo shi majalisa, da nufin tsiya. Amma da aka yi shuka a kan maganar ƙafar, shuka kuma ta tsira, sai ya sauya baki ya soma neman rabonsa. Yakan ce, "Ku dinga gode mini. Ba don na saki tsanin nan ba, da wa ya san wannan gajeren?"

Liman Malam Abdurra'uf, wanda gidansu gidan karatu ne tun kakanni, ya ga abin na neman wuce gona da iri. Ya yi nasiha bayan sallar Azahar cewa sanin saukar ruwa na Allah ne shi kaɗai. Maikuɗi ya ce shi ma haka ya sani, kuma bai taɓa cewa za a yi ruwa ba, ƙafarsa dai ke ciwo. Daga nan unguwa ta samo mafita. Ba wanda ya ƙara tambayarsa ruwa, sai dai a gaishe shi da jiki, gaida marar lafiya kuwa abin lada ne. In aka ce, "Yaya ƙafa?" ya ce, "Da sauƙi," sai kowa ya ci gaba da harkarsa. In ya ce, "Ta ɗan motsa," sai a aika gida a kwashe shanya. In kuwa ya ce, "Yau kam sai addu'a," to, a fito da sungumi da iri. Shi kansa Liman, an lura cewa duk ranar da za a yi masa yaɓen rufi, yakan tuna da ladan dubiya tun da safe.

Masu buga tubali suka riƙa zuwa, haka masu sa ranar biki, haka masu tone gyaɗa. Da wayar hannu ta yawaita, har daga Gaya da Kademi ake bugowa a gaishe shi da ƙafa. Wurin zamansa ya riƙa matsawa daga bakin tabarma, shekara bayan shekara, har ya kai jikin darbejiya, inda mutum ke jingina, inda kuma inuwa ba ta tashi. In ya buɗe baki yanzu, ko kan farashin taki ne, sai a yi tsit.

Adalci ne a faɗi cewa ƙafar ba kullum take dacewa ba. Tsohuwar karaya takan yi wa wasu ciwo in yanayi zai sauya, wannan sananne ne, amma ba ma'auni ba ce. Sai dai mutane suna riƙe ranar da ta dace, ranar da ta kuskure kuwa sai a ce ruwan ya sauka a Ajingi.

Shekaru suka tura, Lauratu ta girma ta yi aure a birnin Kano, gemun Maikuɗi ya yi fari, sai ƙafar ta soma karɓar ladan aikinta. Ƙasusuwan ƙafa ginshiƙai ne, an yi su ne don nauyin jiki ya bi ta tsakiyarsu ya sauka ƙasa. Da ginshiƙin Maikuɗi ya karkace, sai nauyi ya koma gefe ɗaya na gwiwa, guringuntsin da ke hana ƙashi gugar ƙashi ya riƙa cinyewa a wannan gefen, kamar dunduniyar takalmin mai karkataccen taku. Gona ta soma yi masa nisa. Yakan huta a hanya, daga baya ya koma ba ya isa sai rana ta take. Sallah ta koma a zaune. Lauratu ta zo ganin gida ta tarar da shi yana rarrafe daga ɗaki zuwa inda buta take, sai ta fita ta samo adaidaita sahu ta tsayar a ƙofar gida.

"Baba, tashi mu je."

"Ina kuma, Inna?" Haka yake kiranta, domin sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Inda ake duba ƙashi. Ba ni na haife ka ba? To, na ce ka tashi."

A asibitin ƙashi na birni aka ɗauki hoton ƙafar. Likitan, wani matashi mai fara'a, ya ɗaga hoton ga haske, Maikuɗi ya ga ƙwaurinsa tsirara karo na farko, da wani ƙulli a tsakiya kamar gaɓar rake.

Likita ya ce, "Baba, wa ya yi maka wannan ɗorin?"

"Wanda ya yi shi ya yi daidai, ranka ya daɗe. Ni na gyara masa."

Likita ya yi dariya, sannan ya bayyana cewa gwiwar ba ta gama lalacewa ba, ana iya ceto ta in aka sauke mata nauyin da ba nata ba. Za a yanke ƙashin a inda ya tanƙwara, a miƙar da shi, a riƙe shi da ƙarfe da kusoshi, shi kuma ya sake haɗe kansa.

"Da wannan furfurar tawa?"

"Ƙashi ba ya ritaya, Baba. Ya daina tsawo tun kana saurayi, amma bai daina gyara ba."

Maikuɗi ya ce, "In an miƙar, za ta ci gaba da ciwo?"

"Muna fata ta daina."

"Ko da hadari ya haɗo?"

Likita ya zaci tsoron ciwo ne, sai ya dafa shi ya ce, "Ko da hadari, in Allah ya so. Ba za ka ma san ana damina ba."

Likita bai taɓa ganin majinyacin da albishir ya kashe wa jiki haka ba. Maikuɗi ya nemi hularsa, ya ce zai je ya yi shawara.

Labari ya riga shi isa Toranke. Kashegari Mai Unguwa da Liman da Ja'afaru suka yi sallama a soronsa. Mai Unguwa ya yi doguwar shimfiɗa kan zumunci da haƙƙin maƙwabtaka, sannan ya ce lafiya ita ce gaba da komai, ba wanda zai hana shi neman magani, sai dai ga shuka ta gabato, ko zai daure a wuce ta. Maikuɗi ya daure. Bayan shuka aka ce a bari a tone gyaɗa, kada ruwan ƙarshe ya same ta a shanya. Bayan kaka aka ce sanyi ba ya yi wa miki kyau. Da sanyi ya wuce, sai ga bazara ta dawo. Haka aka yi ta zagayawa, Lauratu na bugo waya tana faɗa, shi kuwa, a gaskiya, roƙon nan na yi masa daɗi fiye da man zafi.

Haulatu ce ta tsare shi wata safiya, tana tankaɗe, ba ta ko dube shi ba.

"Malam, su waye suka hana ka zuwa asibiti? Mai Unguwa ko kai?"

Ya ce, "Haulatu, in aka miƙar da ita, bakin tabarma zan koma."

"To, zaɓi. Bakin tabarma da ƙafarka, ko tsakiyar tabarma a kinkime kamar buhun dawa."

Akwai kuma abin da bai faɗa wa kowa ba, ita kaɗai ta gane. Ƙafar yanzu kullum ciwo take, safe da yamma, rani da damina. Saran ƙwauri ya nutse cikin zugin gwiwa, har ya kasa rarrabe su. Ya daɗe yana satar kallon gabas kafin ya amsa gaisuwa, kamar kowane manomi.

Abin ya fashe a wata bazara mai tsananin zafi, lokacin da kowa ya gyara gona ya ƙosa. Bayan la'asar Maikuɗi ya yunƙura zai tashi daga jikin darbejiya, gwiwar ta riƙe shi kamar an sa awartaki. Ya koma ya zauna daɓas, idanunsa suka kawo ruwa, ya ce daga zuciyarsa, "Wash. Yau kam sai addu'a."

Wani ya tuna an aike shi. Wani ya ce zai duba akuya. Kafin Maikuɗi ya gama murza gwiwa, tabarma ta rage daga shi sai takalman da wani ya manta. Da gari ya waye, gonakin unguwa sun cika da masu binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa don ruwa ya tarar da iri a ciki. Waya ta kai labari Kademi, Kademi ta kai Gaya.

Haulatu ta ce ya fita ya faɗa musu. Ya ja ƙafa har gonar Ja'afaru, wadda ita ce mafi kusa, ya tarar da shi yana sara da sungumi, iyalinsa na bin sa da ƙwaryar iri.

"Ja'afaru, dakata. Jiya gwiwa ce, ba ƙwauri ba."

Ja'afaru bai ko tsaya ba. Ya ce, "Ka ji gurgu da wayo. So kake mu zauna, kai ka lallaɓa ka shuka, geronka ya riga na kowa? Ƙafar da ni na samar maka za ka yi mini rowarta?"

"Wallahi gwiwa ce."

"Gwiwa da ƙwauri ai maƙwabta ne, abin da ɗaya ya ji ɗaya ya ji. Matsa, ka taka mini rami."

Labarin da ya hau waya ba ya kamuwa ga mai ɗingishi. Ruwa bai zo ba. Bayan an daɗe aka yi ɗan yayyafi wanda ya isa ya ruɗi iri ya tsiro, bai isa ya raya shi ba, rana ta bi ta ƙone. Abin da bai tsiro ba, zabi da kurciyoyi suka tone. Tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin zabin Toranke sun yi ƙiba irin ta wannan shekarar ba. Ranar da ruwan shuka na gaskiya ya sauka, ƙafar ba ta ce komai ba daban da abin da take faɗa kullum. Maikuɗi, da yake shi kaɗai ne bai yi binne ba, ya sa aka buɗe rumbunsa, ya rarraba irinsa ga waɗanda nasu ya ƙare, ya rage abin da bai kai rabin gonarsa ba. Ba wanda ya zage shi. Abin da ya fi zagi aka yi masa: aka riƙa gaishe shi da "Ina wuni" kawai.

Bayan noman farko sai ga mutanen nan uku sun sake sallama a soro, kowa ya zauna inda ya zauna wancan karon. Mai Unguwa ya sake shimfiɗa kan zumunci, sannan ya ce sun zauna sun duba, ƙafar nan ta yi wa gari hidima, ta gaji, lokaci ya yi da za a kai ta gyara.

Ja'afaru ya ce, "Ko rediyo in ta fara kama tasha biyu a haɗe, wajen mai gyara ake kai ta."

Maikuɗi ya ce, "Likita fa ya ce in an gyara, shiru za ta yi."

Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Maikuɗi, shirun ya fi. Mu ne muka ɗora wa ƙwaurinka abin da ba a halicce shi dominsa ba. An yi shi ne ya ɗauke ka zuwa gona da sahun sallah. Ka je ka karɓo shi."

Maikuɗi ya duba fuskokinsu ko zai ga mai cewa a bari a wuce kaka. Bai gani ba.

Aka yi aikin cikin damina, aka yi nasara. Da aka dawo da shi gida, sai ga saƙo daga Kawu Abdulmuttalib, wanda ya tsufa tukuf har ya bar wa 'ya'yansa sana'a. Saƙon gajere ne: a gaida Haulatu, kuma ta ɓoye masa wando. Haulatu ta tattara wandunansa kaf, har da na sallah, ta ƙulle a ɗankwali ta kai wa matar Ja'afaru ajiya. Taɓarya ma ta koma maƙwabta. Maikuɗi ya zauna da zane ɗaure a ƙugu kamar mai jiran wanzami, dariyar majalisa na tsallako katanga, ba halin fita. Ja'afaru kaɗai ke zuwa kowace rana, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce ya zo ne ya ga ko an mayar masa da ƙafarsa daidai, domin shi ke da ita.

Wannan karon kuwa ba kwanciya kawai aka ce ya yi ba. Likita ya ba shi sandunan hammata, ya ce ya riƙa zagaya tsakar gida, da farko ba tare da ya taka ba, daga baya ya ɗan aza nauyi, domin sabon ƙashi da aiki yake ƙarfi, muddin aikin bai fi ƙarfinsa ba. Haulatu ta dage da nono da wake da zogale da ƙananan kifi, tana kuma fitar da shi hantsi kamar shanya. Da suka koma asibiti aka sake hoto, likita ya nuna masa ƙwaurin a miƙe, ƙarfe kwance a jikinsa, ga wani fari-fari ya lulluɓe wurin yankan.

Maikuɗi ya ƙura ido ya ce, "Likita, wannan ai hadari ne ya haɗo."

"Sabon ƙashi ne, Baba. Haka yake fara taruwa."

"To, Allah ya sa ya zubar."

Bai ga wandonsa ba sai da likita ya yi wa Haulatu magana da bakinsa ta waya.

Ya dawo majalisa bayan kaka, yana tafe a miƙe da 'yar sanda, daga baya ya ajiye sandar. An yi masa barka, an sa ya naɗe wando an ga tabo, an yi mamaki, sannan aka koma zancen taki. Jikin darbejiya kuwa tuni wani ɗan kasuwa mai faɗin baya, Alhaji Mus'ab, ya gaje shi. Maikuɗi ya tsaya kaɗan, ya ga ba wanda ya motsa, sai ya zauna a bakin tabarma. Abin ya sosa masa rai, ba a musu. Amma da aka kira sallah ya shiga sahu a tsaye, ya yi ruku'u ya yi sujada tare da jama'a, da safe kuma ya isa gona kafin rana ta yi zafi, ya kwashe rani yana kai taki.

Bazara ta zagayo. Wata la'asar ana zaune ana gardama, sai Ja'afaru ya waiwayo, saboda sabo da kuma tsiya, ya ce, "Gurgu mai ritaya, yaya ƙafa?"

"Lafiya lau."

"Ko ɗan motsi?"

"Ko ɗan motsi."

Ja'afaru ya ce, "Asarar tsani."

Aka koma gardama. Mutanen nan sun shekara da shekaru suna duban ƙwaurin mutum maimakon gabas, har wuyansu ya manta hanyar ɗagawa. Ba wanda ya ga hadarin sai da iska ta kwashi hular Mai Unguwa, manyan ɗigo suka soma faɗuwa kamar ana jifa da goriba. Majalisa ta watse, kowa ya nufi soron Mai Unguwa, wanda duk unguwa ta san yana yoyo ko'ina ban da kan dakali ɗaya da ke ƙurya.

Bakin tabarma yana da amfanin da ba a faɗa: mai zama a nan ba ya tsallake kowa. Maikuɗi ya miƙe tun Alhaji Mus'ab na neman abin dafawa. Ya ɗaga ƙafa, ya sake ɗagawa, sai ya ji iska na wuce kunnuwansa, ya duba ƙasa ya ga abin da ke faruwa. Gudu yake yi. Ba gudun samari ba ne, amma gudu ne, da ƙafa biyu masu tsawo ɗaya. Ya wuce Liman, ya wuce Mai Unguwa da ke bin hula, ya faɗa soro shi kaɗai, ya zauna a tsakiyar dakali yana haki yana dariya.

Sauran suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya samu inda ya raɓa. Ja'afaru ne na ƙarshe, ya jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a hannu, ɗayan ruwa ya tafi da shi.

Ya nuna Maikuɗi da takalmin ya ce, "Ka san za a yi, ka ɓoye mana."

"Wallahi ban sani ba. Yadda ya same ku haka ya same ni."

"To, matsa mini in zauna."

Maikuɗi ya gyara zama, ya miƙe ƙafarsa a kan sauran wurin, ya ce, "Tsaya nan bakin ƙofa, dogo. Ka tare mana feshi."

Ruwan shuka ne. Da gari ya waye, Haulatu ta fito da ƙwaryar iri ta tarar ya riga ya saɓa sungumi ya yi gaba, sai da ta ɗaga murya ta ce ya jira ta.